Alidu Mai Nutso da Tungar da Ruwa Ya Ci

A zangon Salaga, tun Alidu yana saurayi aka san shi da shiga rijiya. Gari ne mai rijiyoyi barkatai, duk matar da igiyar guganta ta tsinke kuwa shi take aika wa. Ubansa Bahaushe ne, fataucin goro ya kawo shi Gwanja, ya yada zango bai sake tashi ba. Uwarsa 'yar wani ƙauye ce a bakin kogi, Tungar Tsamiya. A can Alidu ya koyi iyo, a can kuma aka binne ta, gindin tsamiyar da ta ba wa ƙauyen suna.

Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son surutu. Ya auri Amamatu mai sayar da koko a bakin tasha, suka zauna lafiya, ita tana magana shi yana gyaɗa kai.

Da aka datse kogi a kudu, ruwa bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawa, ya ci gonaki, ya ci hanya, har gwamnati ta kwashe mutanen Tungar Tsamiya a manyan motoci zuwa sabon mazauni. Masu rai aka kwasa. Na cikin ƙasa an bar su inda suke.

Bayan nan wani kamfanin 'yan kwangila ya zo share wa jirgin fito hanya, domin itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙasa suna fasa cikin jirage. Suna neman masu dogon numfashi, aka nuna musu Alidu. Suka ɗaura masa tulun iska na ƙarfe a baya, da gilashi a fuska, da roba da zai ciza yana shaƙa. Abokin nutsonsa Aruna ne, mutumin Bawku, dogo mai barkwanci, wanda yake cewa tunda kifi bai biya kuɗin fito ba shi ma ba zai biya ba.

Wata rana da hantsi aka tsayar da kwalekwale a wani wuri, aka ce su sauka su ɗaura sarƙa a wata babbar bishiya. Alidu ya bi igiya ya sauka cikin ruwan kore mai duhu. Hannunsa ne ya gane bishiyar kafin idonsa. Akwai wani kogo a jikinta inda yara suke ɓoye ƙwallon goriba, yatsunsa suka faɗa ciki. Ya waiga, babu ɗaki ko ɗaya, duk sun narke sun koma laka, sai duwatsun niƙa a jere inda tsakar gidaje suke a da. A gindin tsamiyar kuwa wani farin abu yana kaɗawa a hankali, kamar mace tana gyara mayafi. Ya yi sallama a zuciyarsa. Bai san tsawon tsayuwar da ya yi ba, sai da iska ta fara yi masa wuyar ja. Ya saki igiya ya yi sama da gudu.

Yana cire gilashi kansa ya sara, kamar an kafa masa turmi a goshi ana daka.

"Tsohuwar koma ce ta masunta," in ji Aruna da ya ji labarin. "Ni ma na gani. Ciwon kai kuwa, duba can." Ya nuna injin da ke cika musu tulu, yana zuƙar iska kusa da inda hayaƙinsa yake fita. "Abin da yake tofarwa shi muke sha. Nawa kan kullum haka yake, na saba."

Amamatu ba ta yarda ba. Ta jiƙa tsumma ta ɗora masa, ta ce, "Ka je kan kabarin Mma da takalmin roba, ba ka ko yi alwala ba. Me kake so ta yi maka?"

Ya ci gaba da aiki, ciwon kuma ya ci gaba da tarbarsa duk fitowa. Wani lokaci a goshi, wani lokaci a ƙeya, wani lokaci har haƙora. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, idan ciwon ya kai ƙarshe yana jin daka sosai, da irin tsayawar da uwarsa take yi tsakanin bugu don ta gyara zane.

Ba shi ruwan ya kayar ba, Aruna ne. Wata rana ya daɗe a ƙasa, ya fito da sauri yana dariya, ya ce kansa ne kawai. Kafin su kai gaɓa ƙafafunsa sun daina jin taɓawa. Ya roƙi Alidu ya kai shi gida.

Suka shiga motar doya, Alidu ya rungume shi a kan buhuna. A Yendi suka sauka gidan Malam Abdulai, kawun Amamatu, mai makarantar allo. Malam ya yi wa Aruna tofi, ya ba su rubutu, sannan ya ja Alidu gefe.

"Matacce ba ya bin ɗansa da sharri," ya ce. "Amma ƙasan ruwa ba gidanmu ba ne. Akwai masu shi, kuma yanzu an ƙara musu ƙasa. Kai ka san abin da ka gani."

A Bawku likitan asibiti ya duba Aruna, ya girgiza kai. Da ya ji Alidu ma mai nutso ne, ya zaunar da shi, wani ma'aikaci yana fassara. Yana fitowa da sauri? Yana riƙe numfashi don tulu ya daɗe? Yana shiga da mura? Yana cizon robar da ƙarfi? Iskar tana warin mai? Ko wacce tambaya Alidu ya ce e. Likitan ya ce ko ɗaya daga ciki ta isa ta fasa kan mutum, fitowa da sauri kuma ita ta kashe ƙafafun abokinsa, domin iska ce take kumfa a cikin jini. Ya ce kada ya sake shiga.

Alidu ya yi godiya. Ya yarda da likita, ya kuma yarda da Malam, bai ga inda suka saɓa ba. Ya so ya tambayi ko kumfar jini tana iya daka da hannun mutum ɗaya da ka sani, amma ya ga mai fassara ya gaji.

Aruna bai kai kaka ba. Ranar da zai cika ya ce wa Alidu, "Ba koma ba ce. Na taɓa, babu zare." Ko zafin ciwo ne ya sa shi faɗa, ko barkwancinsa ne na ƙarshe, Alidu bai taɓa sani ba.

Bai koma Salaga ba. Ya aika Amamatu ta taho da tukwanenta, ya kama dakon albasa a kasuwar Bawku, daga baya ya samu rumfa tasa. Suka haifi 'ya mace, aka sa mata Alimatu. Ciwon ya ragu har ya kusa barinsa, sai dai ya bar masa abu ɗaya. Duk sanda ya kai goshi ƙasa a sallah, wani nauyi mai sanyi yakan sauko masa a ka, karatun liman ya yi nisa kamar daga saman ruwa ake yin sa. Mutanen sahu sun saba ganin an ɗago, shi bai ɗago ba. Suna cewa tsoron Allah ne, na kusa da shi kuma yakan ɗan taɓa kafaɗarsa, sai ya taso a hankali yana jan numfashi.