Saje Rodi da Gadar da Ta Ƙi Faɗuwa

Gari na wayewa, kafin masu kayan gwari su fara turo baro zuwa kasuwa, za ka gan shi ya sauko ta layin bayan asibiti da 'yar gudumarsa a hannu. Tsoho ne gajere, kakkaura, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ba ya hawa gada kamar kowa, gangarawa ƙasa yake yi ta gefen da masu wanki suke shanya. Ya tsaya gindin ginshiƙi na farko, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya matsa gaba, ya sake. In ruwa ya cika, wani masunci ke ɗaukarsa a kwalekwale su zaga ginshiƙan nan biyar ɗaya bayan ɗaya. A na uku yake daɗewa, har masuncin ya gaji ya fara gyaran koma.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan. Matarsa takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da yake gaida kankare kafin ya gaida iyalinsa ba. Shi kuwa sai ya ce mata, "Ke ai in wani abu na damunki za ki faɗa, har maƙwabta su ji. Gada fa?"

Ƙarshen watan nan Saje Rodi zai ajiye aiki a ma'aikatar ayyuka ta garinmu. Ba fareti, ba lambar yabo. A tsohon fayil ɗinsa na soja akwai layi biyu da suka hana shi wuce saje: ya saɓa wa zane, kuma ya ƙi bin umarnin janyewa. Mu da muke kwana muna tashi a garin nan muna da abin cewa a kan layukan nan biyu. Yau za mu faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Shi sojan injiniya ne, cikin waɗanda suke shimfiɗa hanya, su ɗora gada, su haƙa rijiyar burtsatse. Sauran sojoji "sojan shebur" suke ce musu, kuma ba da ƙauna ba. Shekara biyu kafin yaƙi aka turo rukuninsu su yi mana gada. Zanen daga hedikwata ya zo, kuma wanda ya zana shi bai taɓa ganin koginmu ba sai a takarda. Ana cikin kafa harsashi wani tsohon masunci, mahaifin wanda yake tuƙa shi yanzu, ya ja hannun Saje zuwa gindin wata bishiya can nesa da gaɓa, ya nuna masa wani tabo sama da kansa.

"Ɗana, ƙafafun nan da kuke yi wa gadarku sirara ne. Kogin nan in ransa ya ɓaci, nan yake kawowa."

Saje ya rubuta wa hedikwata sau biyu, shiru kake ji. A bayan gari kuwa akwai tarin rodi na wani aikin da aka watsar, yana ta tsatsa a cikin ciyawa. Ya sa aka kwaso, aka kankare tsatsar, ya ninka rodin kowane ginshiƙi, ya ƙara siminti. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai ɗauki alƙalami ya gyara zanen ba. Ya san in ya rubuta za a tsayar da aikin, a yi ta tambayoyi har damina ta cim musu. Sai ya bar takarda tana faɗin abu ɗaya, kankare yana riƙe da wani.

Da yaƙi ya matso, aka kwashe bataliyar da ke tsaronmu aka kai ta wani fagen. Aka bar mana sojan shebur su arba'in da uku da kyaftin ɗinsu. Ba a yi mako biyu ba abokan gaba suka ɓullo a tsallaken kogi. Umarni ya zo a sarari: a rusa gadar. Damina ce, kogi ya cika ya batse, in babu gada ba mai iya haye shi da mota ko da ƙafa. Nakiyar aikin tuni an aiko ta daga hedikwata, an auna ta daidai da abin da zane ya nuna, kuma babu ƙari, don hanyar da ta zo ta ciki ta yanke. Da Saje ya ƙirga akwatunan sai ya nufi wajen kyaftin.

"Yallaɓai, wannan ba zai kayar da ita ba," ya ce wa kyaftin.

"Daga zane aka fitar da lissafin, Saje."

"Zanen ne ba gaskiya ba, Yallaɓai. Ni na san abin da ke cikinta, ni na sa."

Suka tattara nakiyar duka suka ɗaura wa ginshiƙi na uku, ko Allah zai sa. Da hantsi aka tayar. Ƙarar ta farfasa tagogin asibiti, ta sa awaki suka tsinke igiya. Hayaƙi ya washe, sai ga gada tsaye. Kankaren ginshiƙin ya zube, rodin ya fito fili a cunkushe, baƙi ƙirin, ko lanƙwasa bai yi sosai ba. Sai direban katafila, wani dogo mai bakin tsiya, ya dafa kai ya ce, "Saje, Allah ya isa tsakaninmu da aikin kirki!" Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi in abu ya fi ƙarfin kuka. Daga ranar sunan Saje Rodi ya bi shi.

Kafin azahar abokan gaba suka fara harbo manyan bindigogi, ɓarɓashin ƙarfe ya sami kyaftin a ciki. Aka kai shi asibiti, aka bi shi da rediyon oba-oba. Babbar nas ta lokacin tana nan da ranta, kuma ita ta ba mu wannan labarin. Ta ce tana ɗinke kyaftin muryar wani babba ta fito daga rediyon: agaji ba zai iso ba sai bayan kwana uku, injiniyoyi su hau motocinsu biyu su janye. Ta dubi ɗakin. Gado talatin ne, kowanne da mutum, wasu a ƙasa. Bayan asibitin kuma gari ne guda, da tsofaffi da masu jego, ba hanyar fita sai wata 'yar burji mai taɓo da ke bi ta gonaki. Saje yana tsaye kusa da ita, in ji ta, sai ya karɓi rediyon ya amsa.

"Yallaɓai, na ji umarni. Amma ni na bar ƙofar nan a buɗe, ni zan tsaya a bakinta."

Ya fita ya tara mutanensa a farfajiyar asibiti, ya gaya musu gaskiya tsirararta: kuskurensa ne, ba nasu ba, wanda zai tafi ya tafi, ba zai riƙe shi a zuci ba. Mai walda, wani shiru-shiru da ba a cika jin bakinsa ba, ya ce, "Saje, rodin nan ni na ɗaure rabinsa. Ka daina cewa kai kaɗai." Motocin nan biyu marasa lafiya suka kwasa. Soja ko ɗaya bai hau ba.

To, ga mutanen da rabon wasunsu da harba bindiga tun a makarantar horo. Wani sai da aka tuna masa yadda ake cire harsashin da ya maƙale. Amma su san ƙasa, su san nauyi, su san awo. Katafila ta turo tudun ƙasa ta toshe bakin gada ta ɓangarenmu. Zobban kwalbati da aka ajiye don aikin magudanar ruwa aka mirgino aka binne rabi, kowanne ya zama maɓoyar mutum biyu. Matan gari suka kawo buhuna, har da rigunan matashin kai, aka cika da yashi. Mai walda ya yanka ragowar rodi ya harhaɗa shi ƙaya-ƙaya aka watsa a kan gada. Babban makaminsu kuwa yana cikin kan Saje. Shi ya auna gadar nan taku-taku da hannunsa, ya san nisan kowane ginshiƙi daga inda suke kwance. Ba ya cewa ku yi harbi. Cewa yake, "Ku bari su zo na huɗu. Mita ɗari da ashirin. Ku gyara saiti." Mutanen da ba su iya yaƙi ba sun iya bin awo, kuma harsashinsu kaɗan ne, ba na zubarwa.

Ranar farko sau biyu aka taso musu, sau biyu aka koma. Rana ta biyu da safe abokan gaba suka turo motar sulke, tana ture ƙayar rodin tana matsowa, harsashi na tsalle a jikinta. Masu wanki biyu da suka ɓuya a bayan tudun sun ga abin da ya biyo baya. Direban katafila ya kunna injinsa, ya ɗaga faifan gaba ya kare fuskarsa, ya hau gada. A kan ginshiƙi na uku suka haɗu, daidai inda nakiya ta cinye shingen gefe. Ya sa mata faifan a haƙarƙari ya yi ta turawa, ƙarfe na kuka, har ta kife cikin kogi. Katafilar ta tsaya a gicciye ta toshe hanya. Shi bai sauko ba. Saje ne ya ja ciki ya je ɗauko shi, a can harsashi ya same shi a ƙafar hagu, kuma bai saki gawar ba sai da ya kawo ta bayan tudu.

Rana ta uku aka kashe mai walda, da wasu. Da la'asar agaji ya iso. Kwamandansu ya zaga ramukan, ya tambayi wace bataliya ce ta riƙe wurin. Babbar nas ta ce masa, "Sojan shebur ne, Yallaɓai." Cikin arba'in da uku, goma sha ɗaya aka binne a bayan asibiti. Ƙafar abokin gaba ko ɗaya ba ta taka garinmu ba.

Bayan yaƙi kwamitin bincike ya zauna a ɗaki mai fanka, ya karanta zane, ya karanta umarni, ya rubuta layukansa biyu. Ba ƙarya suka rubuta ba, kuma Saje bai taɓa cewa ƙarya ce ba. Abin da muke tambaya shi ne ina sauran shafin? Aka sallame shi. Ya ƙi komawa garinsu, ya nemi aiki a ma'aikatar ayyuka, da hannunsa ya sake zuba kankaren ginshiƙi na uku. Shekaru uku da suka wuce ambaliya ta kai har tabon bishiyar nan, ta tafi da sababbin gadoji biyu a sama da mu. Tamu ta tsaya, kuma ta kanta mutanen ƙauyuka bakwai suka tsallako da awakinsu da tsofaffinsu.

Kai ne, Saje, wanda aka hukunta don aikinsa ya yi ƙarfi da yawa. Kai ne ka yi kuskure ka tsaya a gaban mutanenka ka ce nawa ne, a zamanin da kowa yake neman wanda zai ɗora wa. Ba ka ɓuya bayan takarda ba, ba ka ɓuya bayan umarni ba. Gajere mai tare kogi, sojan shebur da ya fi ƙarfin raini. Muna alfahari da kai, kuma muna jin kunyar shirun da muka yi tsawon shekarun nan.

Kada mai karatu ya ɗauka shi yana ganin kansa gwarzo. An taɓa tambayarsa ko yana nadama, ya ce rodin dai ko gobe zai sake sawa. Alƙalamin da bai ɗauka ba ne yake cin ransa, don da zanen ya faɗi gaskiya da an aiko nakiyar da ta isa, da mutum goma sha ɗaya sun koma wa iyalansu.

Makon jiya ya kira injiniyar da za ta gaje shi zuwa ɗan ofishinsa mai tebur ɗaya da kabad ɗin ƙarfe. Ya warware mata sabon zane da ya yi da hannunsa, kowane rodi a inda yake, har wanda ya ƙara wajen gyara. A gefe ya jera sunaye goma sha ɗaya. A ƙasa kuma akwai wani ɗan lissafi da jan biro, da alama a jikin ginshiƙai biyu.

"Baba, wannan fa?" ta tambaya.

"Yadda ake kayar da ita ne. Inda za a sa, da yawan da zai isa."

Ta ɗago ta dube shi. "Gadarka, Baba? Shekara ashirin da shida kana lallashinta."

"'Yata, gada ce, ana sake ginawa. Ni dai na kasa sake gina direban katafila."

Ya miƙa mata gudumar, ya ce ta riƙa daɗewa a na uku.

Mun gode, Saje Rodi. Mun gode wa talatin da biyun da suka rage, duk inda rayuwa ta kai su, Allah ya jiƙan goma sha ɗayan da ke bayan asibiti. Ku kuma masu aiki, ko gini kuke yi ko ɗinki ko allura, ku yi shi da ƙarfi kamar yadda ya yi, ku rubuta gaskiyar abin da kuka yi kamar yadda ya koya da tsada, in kuma ya ɓaci ku tsaya a bakinsa. Masu fayil su riƙe layukansu biyu. Mu gobe da safe ta kan gadarsa za mu wuce kasuwa.