Saƙon Tsohuwa Da Na Danne

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina sayar da doya da manja a Dutse, maigidana ma'aikacin gwamnati ne, muna zaune a Takur. Mu mutanen Filato ne, kuma na yi shekara tara ina shugabar zumuntar mata a cocinmu. Tsohon fastonmu matarsa ta rasu, don haka ni ce uwa. Ko atamfar anko za a zaɓa sai na amince. In wata ta haihu ko ta kwanta ciwo, ni ake fara faɗa wa, ni kuma in kai wa fasto, haka tsarinmu yake. Gaskiya ina jin daɗin girman nan fiye da yadda nake nunawa.

Sai aka kawo mana sabon fasto da matarsa, ma'aikaciyar jinya, yarinyar da na kusa haifa. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, har rusunawa take yi in za ta gaishe ni, wannan ma ya fi ƙona mini rai, don na rasa laifin da zan kama ta da shi. Cikin wata uku mata suka koma gidanta, wannan a auna mata jini, waccan ta kai kukan miji. Matan da na yi wa wankan jego da hannuna suka fara kiranta Mama a gabana. Kishi ya cika ni har ba na jin wa'azi, ina zaune a benci sai kallon masu gaishe ta nake yi. Dama dattawan coci suna gunaguni cewa fasto ba ya ziyara gida-gida kamar na da, ya fi son ofis da littattafai. Ni kuwa na riƙa hura wuta, ina cewa ai matar ce ta kanainaye shi.

Ana cikin haka, wata tsohuwa 'yar zumuntarmu da ta koma wurin 'yarta a Garki, ciwo ya yi mata tsanani. 'Yar ta kira ni a waya, ta ce tsohuwa tana roƙon fasto ya zo ya yi mata addu'a, ya ba ta jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ba masu bi, kafin ta tafi. Na ce yanzun nan zan faɗa masa, amma ban faɗa ba. Na ce a raina bari a kwana biyu, kowa ya ga irin faston da aka kawo mana. Kwana na uku tsohuwa ta cika.

A gidan makoki 'yar tana kuka tana cewa an aika wa fasto ya ƙi zuwa. Fasto ya ce shi bai sami saƙo ba, sai ido ya dawo kaina. Ban ko ƙifta ba na ce matarsa na faɗa wa. Matar faston ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ba ta musa ba. Dattawa suka rubuta takarda zuwa hedikwata, kafin wata biyu aka ɗauke shi daga Dutse.

Ranar da suke loda kaya matar faston ta same ni a rumfata, ta gaishe ni yadda ta saba, sannan ta ce, "Mama, ni da ke mun san ba ki faɗa mini ba. Na yi shiru ne don kada matan nan su rasa wadda za su kira in sun kwanta. Don Allah saƙo na gaba, ki kai shi."

Girmana ya dawo, amma har yau ban ji daɗinsa ba, kuma ban sami ƙarfin halin tashi gaban jama'a in wanke ta ba. Abin da na koya shi ne, mai kishin shugabanci ba ya zaɓar wanda zai taka. 'Yan'uwa masu riƙe da wani aiki a ɗakin ibada, in kuna da ƙorafi kan shugaba ku same shi ku faɗa, kada ku yi yaƙinku da amanar wani. Fasto ya sami wani coci, matarsa ta sami wani asibiti. Tsohuwa ce ta mutu tana tambayar 'yarta ko ya iso.