Birkin Ƙafar Hagu

Maigidana mai raba wasiƙu ne har ya yi ritaya, kuma duk tsawon aikin nan babur ɗaya ya hau. Baƙi ne wuluk, mai faɗin tanki, ga nauyi kamar sa. Kamfanin da ya ƙera shi, in ji Malam, da keken ɗinki ya fara, ya koma kekuna, daga baya ya shiga yi wa sojoji da gidan waya babura. Ya san su kaf kamar 'ya'yan cikinsa: na fari mai giya a hannu, mai bi masa da ake kunna wa fitila da ashana, sai irin nasa, auta, wanda daga shi kamfanin ya rufe. In ya ɗauko wannan tarihi, to ki sauke tukunyarki, in ba haka ba sai ta ƙone.

Ni dai tun ina amarya nake tsoron abin nan. In an buga masa kik bai ga dama ba, sai ya rama. Ya taɓa haurin Malam a idon sawu, ya daɗe yana ɗingishi. Kayan gyaransa kuwa babu a kasuwa, sai bakanike ya bi masu gwangwan yana tono.

Shi ya sa babban ɗanmu ya turo sabon babur har tsakar gida, ya ce, "Baba, ga wannan, kafin tsohon ƙarfen can ya illata mana kai."

Malam ya karɓi makulli, ya sa masa albarka, don ba ya iya kunyata ɗa. Sai da muka shiga ɗaki ya ce mini, "Na zamanin nan birkinsu a ƙafar dama yake, giya a hagu. Nawa kuwa birki ne a hagu."

Na ce, "To sai me? Ba ka sani ba ne?"

"Kaina ya sani. Ƙafar ce ban san ko ta ji ba."

Wallahi daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ya ɗaura jan ƙyalle a takalmin dama don tuni, maƙwabta suna ta tsokanarsa wai ko sabon salon ado ne. In ya fita, ko sallama aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi.

Wata safiya ya ɗauke ni a sabon babur ɗin za mu asibiti awon hawan jini. Hanyar tana da gangara, a ƙasanta akwai shagon masu sayar da rodi. Muna cikin sauka sai ga wata babbar mota tana fitowa da baya, rodi sun yi tsini a bayanta, sun tare titi. Da idona na ga ƙafarsa ta hagu ta danna. Inji ya yi wani irin kuka, babur ya fizga, bai tsaya ba. Ya sake dannawa, hagun dai.

Na ƙanƙame rigarsa na kurma ihu, "Dama, Malam! Dama!"

Ban san yadda aka yi ba. Tayar baya ta ja ƙasa, muka karkace, muka tsaya cik. Da na buɗe ido, tsakanin bakin rodi da ƙirjinsa bai fi tafin hannu ba. Mutane suna ta salati. Asibitin da ba mu je ba ke nan. Turo babur ɗin ya yi har gida, ina biye da shi.

Ni da bakina, ni da na tsani baƙin babur ɗin nan, na ce, "Malam, don Allah ka koma wa naka."

Washegari ya fito da shi, ya goge, ya buga kik. Bugu ɗaya ya tashi, har tagogi suna rawa. Ya hau ya zauna, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa, dama da hagu. Ya daɗe a haka. Can sai ya kashe.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Uwar yara, yanzu da na ɗora ƙafa sai da na tsaya tunanin ina birki yake. A kan wannan fa. Tunda nake ban taɓa tunani ba." Ya sauko daga kai. "Ba zan sake ɗaukar ki a haka ba."

Bai sake hawa ko ɗaya ba. Yanzu a ƙasa muke zuwa asibiti, shi ke gaba, in mun zo gangarar nan sai ya miƙo hannu ya riƙe ni.