Khaulat Mai Hoto da Tsagar Hajiya Maijidda

Ranar Lahadi, 9 ga Fabrairun 2025, da hantsi, Khaulat Abdulƙarim ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar wani gidan ƙasa a Tsibiri, da jakar kyamara a kafaɗarta. Ranar ce ta fara ganin Hajiya Maijidda. Ɗan tsohuwar ne ya aiko ta, Alhaji Abdulmutallib, ɗan kasuwar Maraɗi mai fataucin hatsi da atamfa. Ya gama ginin sabon gida, yana son babban hoton mahaifiyarsa a bangon falo. Ya kuma yi mata alkawari, in aikin ya yi masa, ita za ta ɗauki hotunan bikin ɗiyarsa bayan ƙaramar salla.

Khaulat 'yar Jiratawa ce. Mahaifinta manomin rani ne, mai albasa da zogala a bakin gulbi. Aure ne ya kawo ta Maraɗi, gidan Inusa mai hoto, wanda ke da ɗan shago a bayan babbar kasuwa. Shi ya koya mata riƙe kyamara, domin akwai gidajen da namiji ba ya shiga ranar suna ko biki. Da ya rasu, dangi suka ce a sayar da kayan shagon. Ta ce ba a sayarwa. Tana fita takaba ta buɗe shagon, ta zauna a kujerarsa, maƙwabta suka yi ta magana har suka gaji.

Abu ɗaya ta gada daga Inusa wanda ba ta taɓa saki ba: ɗanyen hoto take ɗauka. Wato kyamara ta ajiye duk abin da ta gani yadda yake, kamar gero kafin a surfa, sai ta koma shago ta gyara haske da launi a kan ordinatar, wato kwamfuta. Aikin ya fi cin lokaci, amma duk gyaran da aka yi, ɗanyen yana nan ƙasa ba a taɓa shi ba.

Ta tarar da Hajiya Maijidda a kan tabarma a inuwar rumfa, tana tsinke yakuwa. Tsohuwa ce baƙa, doguwa, kumatunta biyu cike da tsagar Gobir, layi-layi tun daga gefen baki har kusa da kunne.

"Ke ce mai hoton?" in ji tsohuwar. "Na zaci ƙato za a aiko mini. To, mutanen Maraɗi, har wannan aikin kun ɗora wa mata?"

"Maza sun kasa ne, Inna, shi ya sa muka karɓa."

Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙin zanen saƙi da fari a gefensa, ta ƙi atamfar da ɗanta ya aiko. Khaulat ta zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki, inda hasken yake shigowa ta gefe ɗaya. Kafin ta ɗaga kyamara, tsohuwar ta ɗaga mata yatsa.

"Ɗiyata, na ga hotunan jikokina a salula. Kowace ta zama Balarabiya, ban gane ko ɗaya ba. Ni dai ki ɗauko ni da fuskar da na zo da ita."

"Da ita za ki fito, Inna. Na yi miki alkawari."

A makon nan ne Maman Lawali, mai gyaran ordinatar na kusa da shagonta, ya saka mata sabuwar fitowar manhajar da take gyaran hoto da ita. Ya yi ta yabonta. Khaulat ba ta yarda da yabo, sai ta gwada. Da ta dawo daga Tsibiri ta zuba hotunan, ta fara da wanda ɗakin ya fi duhu a cikinsa. Ta ja haske, sai ga jeren kwanonin tsohuwar sun fito a bango sarai, ba ƙurajen nan da tsohuwar manhajar ke bari a wuri mai duhu. Baƙin zanen ma ya fito da zarensa ɗai-ɗai. Abin ya burge ta. Hankalinta yana kan zane da kwanoni sai Alhaji ya kira, yana son ya ga wani abu kafin ya kama hanyar Dan Issa. Ta fitar da ƙaramin hoto ɗaya ta tura masa ta salula.

Sai bayan ta tura ta janyo fuskar kusa. Kumatun tsohuwar sumul suke kamar na amarya. Ba tsaga ko ɗaya. Fatar ma ta yi haske. Ta binciko, ta gano cewa sabuwar fitowar tana zuwa da wani maɓallin gyaran fuska a kunne tun daga farko, kuma duk wani layi da ya gani a kunci, tabo yake ɗaukarsa ya shafe. Ta kashe maɓallin. Tsagar ta dawo gaba ɗaya, domin tana nan cikin ɗanyen hoton.

Kafin ta tura na gaskiya, saƙon muryar Alhaji ya shigo.

"Madam Khaulat, Allah ya yi miki albarka. Wannan nake so. A wanke shi babba, a sa gilashi."

Washegari da la'asar ta same shi a ofishinsa da ke cikin sito, buhunan wake jibge har rufi. Ta buɗe ordinatar a kan teburinsa, ta nuna masa hotunan biyu gefe da gefe, ta yi masa bayanin abin da ya faru.

"Kuskurena ne, Alhaji. Na'ura ce ta shafe, ni kuma ban duba ba na turo. Ga hoton Hajiya nan, na dama."

"Na hagun ma ita ce."

"Ba ita ba ce."

Alhaji ya cire tabarau ya ajiye. Ba mutum ne mai faɗa ba. Ya daɗe yana kallon na hagun, sannan ya ce, "Ke ba ki san wahalar da matar nan ta sha ba. Da dakau ta ciyar da mu. Ban taɓa ganin fuskarta a huce haka ba. Kuma gidan nan baƙi za su riƙa shigowa, daga Kano, daga Kwatano, har Larabawa. Na gaji da tambayar wa ya yanka ta."

"In sun tambaya sai ka ce Bagobira ce. Ai ba laifi ta yi ba."

"Ni na kira ki aiki."

"Kai ka kira ni, ranka ya daɗe, amma ita na yi wa alkawari. Gajiyar ido zan iya rage mata, hasken ɗaki zan iya gyarawa. Tsaga kam ba zan cire ba."

"To ba ni babban hoton na hagun, in kai wani wuri a wanke."

"Shi ma ba zan bayar ba. Da hannuna ba za a rataye ta da fuskar wata ba."

Alhaji ya mayar da tabaransa. "Ki tuna akwai biki a gaba."

"Ina sane da shi."

Ta naɗe ordinatar ta fita. Tana sane da shi kuwa. Biki irin na gidan Alhaji, wanda ya ɗauke shi sunansa ya shiga gidajen manyan 'yan kasuwar Maraɗi ke nan, kuma kyamarar da Inusa ya bari ta tsufa, madubinta ya fara cijewa. Maman Lawali da ya ji labari ya shigo shagon yana tafa hannu.

"Yaya Khaulat, mutum da uwarsa? Ke mene ne naki? Maɓalli ɗaya ne fa. Danna ki huta."

"Kai ka kawo mini wannan masifar, yanzu kuma ka zo wa'azi?"

"Ni manhaja na kawo, taurin kan naki ne tun na Jiratawa."

Ba ta danna ba. Ta wanke hotunan biyu matsakaita, ranar Juma'a da safe ta sake hawa kabu-kabu zuwa Tsibiri. Ta san Alhaji yana zuwa gaida mahaifiyarsa kowace Juma'a kafin masallaci, kuma ba ta son a ce ta bi ta bayansa. Ta same shi zaune a gefen tabarma, ya tuɓe takalmi. Ya gan ta, ya ɗaure fuska.

Ta gaida tsohuwar, ta miƙa mata na hagun tukuna. Hajiya Maijidda ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi wajen haske.

"Wace ce wagga ta saka mini zanena?"

"Ke ce, Hajiya," in ji Alhaji a hankali. "An ɗan gyara ne."

"Ni?" Ta shafa kuncinta da yatsu, tana bin layukan kamar mai tabbatar da suna nan. "Wa ya wanke ni haka? Ɗan nan, askar ga ina jaririya anka yi mini ita, a zauren babana, kakata na riƙe da ni. Ita ma irinta gare ta. Ubanka da ya zo neman aurena, ita ya fara gani. Da ita zan shiga kabari. Kai da ba a yi maka ba, ai ban ce a zana maka a hoto ba."

Khaulat ta miƙa mata na biyun. Tsohuwar ta dube shi, sannan ta ce, "Yauwa. Ga tsohuwar banza nan. Har da haƙorin da ya fita." Ta ɗora shi a cinya ta dafe da hannu. Ɗayan kuma ta tura wa ɗanta. "Ungo baƙuwarka. Ka kai ta gidanka ka ba ta ruwa."

Alhaji ya karɓa. Ya tashi ya saka takalmi. A zaure ya tsaya ya ce wa Khaulat, "Kin kunyata ni gaban mahaifiyata."

"A gabanka na yi, Alhaji, ban ɓoye ba."

Ya fita ya shiga mota.

Bikin ɗiyar Alhaji Abdulmutallib an yi shi a watan Afrilu, wani mai hoto aka ɗauko daga Katsina. Ba a sake kiran Khaulat wani aiki a gidan ba, kuma gidaje biyu na abokan kasuwancinsa da suka saba kiranta su ma sun daina. Bangon falon sabon gidan agogo aka rataya a wurin. Hoton mai tsaga kuwa Khaulat ta wanke shi babba, ta sa masa gilashi, ta kai Tsibiri, yana rataye a ɗakin Hajiya Maijidda sama da jeren kwanoni. Tsofaffi uku na unguwar sun gani sun aiko a ɗauke su hoto, ta je ta ɗauke su. Har yanzu tana shagonta na bayan kasuwa da tsohuwar kyamarar Inusa. Sabuwar manhajar ma ba ta cire ba, ta ce a ɗaki mai duhu babu kamarta. Maɓallin gyaran fuska dai a kashe yake, kuma ba ta ƙara tura hoto ba sai ta janyo fuskar kusa ta duba.