Neman Sunan Mai Gora a Bakin Tafkin Madarumfa

Kafin in shiga labari, ya kamata in faɗi inda na samo abin da zan rubuta. Mutum uku ne suka ba ni tarihin Tungar Mai Gora, ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Madarumfa: sarkin ruwa, da limamin garin, da wata tsohuwa, Iya Delu. Babu takarda ko ɗaya. Na yi tafiyar bayan girbin gero, a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Wannan na tabbatar da shi. Shekarar kafa ƙauyen kuwa ban same ta ba, kuma ba zan ƙirƙiro ta ba. Inda bakinsu ya zo ɗaya na rubuta haka, inda suka saɓa na kawo duka biyun.

Abin da ya tashe ni shi ne matar yayana ta haifi ɗa namiji a Maraɗi. Mahaifinmu, wanda aka ɗauko daga ƙauyen yana ƙaramin maraya, kuma yanzu ganinsa ya tafi, ya ce so yake a sa wa yaron sunan kakansa shi mahaifin namu, mutumin da ya kafa tungar. Sai dai bai san shi da wani suna ba, sai Mai Gora.

"Kai da ka karanta tarihi a Yamai," in ji shi, "je ka samo mini sunan nan kafin ranar suna. Ba na son in tafi in bar shi a ruwa."

Daga Maraɗi zuwa Madarumfa

Na fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. A tasha na samu wata tsohuwar mota da ke lodin 'yan kasuwa, aka cusa ni tsakanin buhun wake da wani mai tumaki. Muna fita daga gari jandarmomi suka tsayar da mu, kowa ya miƙa katinsa. Direba ya leƙo ya ga littafi a cinyata, ya ɗauka ni mushe ne, wato malamin lakwal, makarantar boko.

"Mushe, lakwal za ka koyarwa?"

Na ce a'a, suna nake nema.

"Ga nawa nan kyauta," in ji shi, "ni ma bai amfane ni da komi ba."

Hantsi ya ɗaga muka shiga Madarumfa. Na sha fura a bakin kasuwa, sannan na hau amalanken wani mai lambu da ke komawa gida. Muka bi gefen tafki, ruwa a dama cike da tsuntsaye, lambunan tumatir da albasa a hagu. Kafin azahar na sauka.

Tungar Mai Gora

Ƙauyen ƙarami ne, ana hango ƙarshensa daga farkonsa. Ƙamshin bandar kifi shi ya fara tarye ni. Sarkin ruwa, dattijo mai fara'a, ya saukar da ni a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar tarwaɗa.

Ga abin da shi da liman suka yarda a kai. Mai Gora ya zo daga wajen garin Gabi shi kaɗai, a wata shekarar yunwa. Ba shi da kwalekwale, sai wani ƙaton gora da yake kwanciya a kai ya shiga ruwa, ya jefa kifin da ya kama a cikinsa. Masu gudun yunwa suka riƙa yada zango inda yake banda, yana ba su abinci, har wuri ya zama gari. Shi ya kafa dokar da ake bi har yau: ba a shiga su, wato kamun kifi, sai sarkin ruwa ya buɗe ruwa, kuma kamun farko na gwauraye da marayu ne. Sun kuma ambaci wata 'yarsa da ta fara kai bandar kifi kasuwannin Najeriya a kan jaki, da wani ɗan kokawa da aka ce bayansa bai taɓa ƙasa ba. Liman ya ce ya taɓa, sau ɗaya, a garin Sarkin Yamma.

Da na tambayi sunan yanka, sarkin ruwa ya ce Mamman. Liman ya ce Bukar.

"Ina ka ji Bukar, Malam?"

"Inda ka ji Mamman, mai warin kifi."

Suka yi dariya, ni kuwa na gane duk cikinsu ba wanda aka haifa kafin rasuwarsa. Suka ce mutum ɗaya ta rage da ta zauna gida ɗaya da shi, wato Iya Delu, matar ɗan autansa.

Wajen Iya Delu

Washegari da safe na same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce ita ta yi goyon mahaifina makon da uwarsa ta rasu. Ta ba ni labarin Mai Gora fiye da kowa: gajere ne, ba ya cin kifi sai baƙo ya ci, kuma ranar da aka kawo ta gidan shi ya ɗebo mata ruwan farko.

"Iya, mene ne sunansa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ɗan nan, lahiyarka? Surukina fa."

A nan na ga kuskurena. Na zo da alƙalami, na manta cewa macen da aka rena irin renonta ba ta kama sunan miji, ko na ɗan fari, balle na uban miji. Mijinta ya daɗe da rasuwa, amma kunyar tana nan da ranta. Na ce to ni zan jero sunaye, in na zo kansa ta ɗaga kai.

"In na ɗaga kai ai na hwaɗi ke nan. Wayon lakwal za ka yi mini?"

Na gaya mata halin da mahaifina ke ciki. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Can ta tambayi kwana nawa ya rage a yi suna, na ce jibi.

"Ɗauko mini sandata," in ji ta. "Tun ina amarya nake ajiye da shi. Bakina ba ya hwaɗin shi gaban mai wayo. Jinjiri dai bai san kunya ba."

Komawa gida

Muka hau amalanke zuwa Madarumfa, muka samu motar la'asar. Direban nan ne dai. Ya ce, "Mushe, an samu sunan?" Na nuna masa tsohuwa, ya buɗe mata gidan gaba.

Ranar suna da sassafe ta ce a miƙo mata yaron, kowa ya fita. Na tsaya a bakin ƙofa, na ga ta sa bakinta a kunnensa na dama, leɓunanta suka motsa. Ina shaida cewa ban ji komai ba. Da ta fito, mahaifina ya lalubi hannunta ya ce, "An ba shi?"

"An ba shi."

"To, ya isa," in ji shi, ya share ido.

Limamin unguwarmu ya raɗa Muhammadu, domin dole a faɗa wa jama'a wani abu, amma tun ranar kowa Mai Gora yake kiran yaron. Na mai da Iya Delu gida lafiya. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina gode wa sarkin ruwa da liman da mai amalanke.

Mahaifina ya samu abin da ya aike ni nema. Ni ne har yanzu ban san abin da zan rubuta ba: Mamman ne, ko Bukar, ko wani suna dabam da ba wanda ya ji sai jinjiri?