Almakashi na Ɗakin Kayan Masu Canjin Jirgi

Matarsa ta ce min shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa tashinsa ba, shi yake tashinta. Yana idar da sallar asuba zai zura rigar aikin nan mai ratsin ɗorawa, ya rataya abin toshe kunne a wuya, ya shafa aljihun ƙirjinsa ya ji ɗan almakashinsa na nan, sannan ya fita tarar motar ma'aikata. Almakashin nan ne ya cinye masa suna. Daga manaja har masu shara, a filin jirgin nan kowa Almakashi yake ce masa.

Ku da kuke hawa jirgi ba ku san ɗakinsa ba. A ƙasa yake, ƙarƙashin inda kuke zama kuna latsa waya. Ba taga, sai ƙugin bel mai jan akwatuna da warin roba. Nan ake sauke kayan wanda ya sauka daga wani jirgi zai hau wani, a raba su amalanke-amalanke, kowace da jirginta. Akwati ba shi da baki, takardar da aka ɗaura masa a hannu ita ce bakinsa. Shi ya sa in ya ga tsohuwar takarda ta tafiyar bara tana reto, sai ya datse ta yana faɗa shi kaɗai, "Kin gama aikinki, ki huta."

Abokan aikinsa sun ba ni labarai da yawa. Direban motar jan amalanke ya ce ya sha ganinsa yana ɗinke jakar da ta fashe da zare da allura, don kada kayan cikin mace su zube a gaban maza. Wata mai duba tikiti ta ce keken guragu bai taɓa kwana a ɗakinsa ba, ko da zai kai shi bakin jirgi a ka. Amma ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Likitanmu ya haɗa mu da wani babban likita a wani gari mai nisa, ya ce aiki washegari da safe, kuma in an wuce makon nan ba sauran abin da za a ceto. Ya ba mu hotunan cikin idon da takardun gwaji na wata shida, ya ja mana kunne cewa ba za a taɓa Malam ba sai da su. Jirgi biyu za mu hau, minti hamsin tsakaninsu.

Na saka takardun a ƙaramar jakar hannu ta Malam, wata ruwan ƙasa da ta girmi autarmu. To jakar nan fa tana da ado. Tafiya bakwai Malam ya yi a jirgi a rayuwarsa, takardun tafiye-tafiyen nan bakwai suna ɗaure a hannunta kamar jelar doki. Na yi na yi ya cire, sai ya ce, "Ke dai ba ki san daraja ba. Kowa ya gani ya san ba yau na fara ba."

A ƙofar jirgin farko aka ce ma'ajiyar sama ta cika, a kawo jakunkunan hannu a saka a ƙasa, za a miƙo mana da mun sauka. Wata yarinya ma'aikaciya ta ɗaura wata 'yar takarda cikin jelar nan. Ni kuwa hankalina yana kan riƙe hannun Malam a matakala, wallahi ko tunanin zare takardun likita ban yi ba.

Muka sauka, kowa ya ɗauki tasa, amalanke ta zama wayam. Tamu babu.

Ina tsaye ina salati, Malam yana tambayata me ya faru, sai ga wani siririn mutum ya zare abin kunnensa.

"Mama, lafiya? Wace iri ce jakar?"

Na kwatanta masa, na gaya masa abin da ke ciki da abin da zai faru in babu shi. Bai ce min in je ofis in cike takarda ba. Sai ya juya wajen Malam.

"Baba, akwai tsofaffin takardu a jikinta?"

"Bakwai," in ji Malam, har da ɗaga kai.

"Bakwai! Baba, ai ka ba jakar nan baki bakwai, kowanne yana kiran garinsa. Yaran lodi sun karanta wanda ya fi kusa da hannunsu, sun tura ta ɗakina."

"To laifina ne da ba su iya karatu ba?"

"Laifin wa za mu raba daga baya. Ka tuna garuruwan?"

"Ɗan nan, ido ne ya tafi, ba kai ba."

Malam ya jero su tiryan-tiryan, da shekarar kowace tafiya, har yana so ya ba da labarin ta uku na taka masa ƙafa. Mutumin yana lanƙwasa yatsu. Ya ce biyar daga ciki ba jirginsu yau. Ɗaya ya tashi tun da sassafe, kafin mu iso, don haka ba shi ba ne. Saura ɗaya, ga shi can ƙarshen fili, ana shirin rufe cikinsa.

Ya ce da wata ma'aikaciya ta kai mu ƙofar jirginmu na biyu, ya ɗaga oba-obarsa, rediyon hannun nan, yana magana yana gudu. Ta gilashi na hango shi ya ɗafe bayan motar kaya. Abin da ya faru can, direban ne ya ba ni labari daga baya. Shugaban masu lodi ya ce ya riga ya sa hannu, ba mai buɗe masa jirgi saboda jakar hannu. Almakashi ya ce, "Idon mutum ne a ciki. Rubuta sunana, in an tambaya ka ce ni ne." Ya shiga da rarrafe, don wurin ba ya tsayuwa, ya ɗaga akwati ya fi arba'in kafin ya ga jelar takardun nan.

Mu kuwa an kira mu har sau biyu. Na ce wa Malam mu haƙura, hawa ba takardu wahalar banza ce. Sai ga Almakashi ya ɓullo, gumi har cikin takalmi, gwiwar wandonsa a yage, jaka a ƙirji.

"Mama, buɗe ki duba." Na duba, suna nan cif. "To zare su ki riƙe a hannunki. Magani, takarda, duk abin da ba za ki iya kwana babu shi ba, kada ki ƙara barinsa a jakar da za ta bar idonki, ko ta minti ɗaya ce."

Sai ya ciro almakashi. Malam ya ji ƙarar ƙarfe ya rungume jaka.

"Kai! Me za ka yi?"

"Ba zubarwa zan yi ba, Baba." Ya datse tsofaffin takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ya jera, ya zura wa Malam a aljihu. "Nan ne wurinsu. A nan ba za su aika ka ko'ina ba."

An ba shi takardar gargaɗi saboda jinkirin jirgin can. Bai taɓa gaya mana ba, a bakin matarsa na ji, bayan shekaru, lokacin da zumunci ya sa gidajenmu suka zama ɗaya.

An yi aiki, ido ya tsira. Da muka dawo bayan sati uku, Malam ya kafe ba zai hau jirgin gida ba sai ya ga mutumin da muryarsa kawai ya sani. Aka kira masa ma'aikata huɗu ya ce ba su ba ne. Na biyar ya yi sallama kawai, Malam ya miƙe ya kama fuskarsa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka kake, ɗan firit? Na ɗauka wani ƙato ne."

"Baba, a mayar da kai wurin likita, bai gama gyara ba."

Shekara tara Malam ya ƙara yana gani. Ya ga jikoki shida, ya koma karatunsa na safe, ya ga tsufana har yana min tsiya a kai.

Ƙarshen watan nan Almakashi zai ajiye aiki. Kai ne gwanin ɗakin da ba taga, wanda dubban mutane suka isa gida da kayansu ba su san hannunka ya taɓa su ba. Kai ne ka ji an ce jaka, ka tambayi abin da ke cikinta. Bayanka ya sunkuya, kunnenka ɗaya ya yi nauyi, ba wanda ya rataya hotonka a bango. To ni na gani, na kuma faɗa.

Ku samarin da za ku gaje shi, in tsohuwa ta tsaya a gabanku tana salati, ku zare abin kunnen ku saurare ta kamar yadda ya yi. Kai kuma, na gode, 'ya'yana sun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya tsare maka idanunka har ƙarshen kwananka, yadda ka tsare wa Malam nasa.