Shanun Alhaji na Dayi

Cikin shekarun da na yi ina likitan dabbobi a Malumfashi, ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni gonar wani Alhaji a kusa da Dayi ba. Ɗan kwangila ne. Ya sayo shanun Turai masu madara, amma ba madarar ce ta dame shi ba, so yake ya riƙa kai baƙi suna ɗaukar hoto.

Da damina kaska ta rufe su. Uku suka daina cin abinci, ga zazzaɓi, kaluluwa ta fito musu. Makiyayinsa, Malam Bello, dattijo ne, ya ce ya sha roƙo a yi feshin maganin kaska, Alhaji ya hana, wai warin yana damun baƙi.

Ƙa'idar aikinmu, sai an ɗebi jini an duba kafin a yi allura. Na duba, na ga ƙwayar cutar da kaska ke sakawa. Na yi wa Alhaji bayani cewa ƙwayar tana da wani sinadari da ke ninke mata furotin, wato kayan ginin jikinta, su zauna daidai. Maganin yana shiga ne ya maƙale a jikin sinadarin, kamar a cusa ƙarfe cikin haƙoran injin niƙa, aiki ya tsaya. Amma sai an ba saniya gwargwadon nauyinta. In an rage, wasu ƙwayoyin za su tsira, kuma cikinsu ake samun waɗanda maganin ba ya iya kamawa.

Yana danna waya ya ce, "Dokta, ni fa ba makaranta na zo ba."

Na yi wa ukun allurar farko, na bar kwalbar allura ta biyu a firij ɗin gonar, na ce kada a taɓa sai na dawo. Ashe ina juya baya ya sa manajansa ya raba wa garken duka, masu lafiya da marasa lafiya, wai kowace ta ɗanɗana.

Biyu suka mutu. Alhaji ya ce Malam Bello ne mai mugun baki, ya kore shi cikin ruwan sama, da iyalinsa da ƙunshin kayansu. Sannan ya kira maigidana a wurin aiki, mataimakin darakta, ya ce jabun magani na kawo. Maigida ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce gaskiyata ce, amma in je in ba da haƙuri, domin Alhaji babban mutum ne.

Ban je ba. Aka mayar da ni Musawa duba awaki ranar kasuwa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: ƙwayar cuta tana da wurin da magani zai kama ta, an nemo shi, an sani. Mai shanu irin Alhaji kuwa, na yi ritaya ban gano inda ake kama shi ba. Don haka in kun je gona, kada ku bar kwalba a baya.